Yadda Ake Gane Ƙarfin Gadar Dutse Mai Baka

Duk wanda ya taɓa shiga soron da aka yi wa daurin guga, ya ɗaga kai ya dubi bakan gizo, to ya ga rabin abin da zan yi bayani. Sai dai namu akwai azara a cikinsa. Gadar dutse kuwa ba itace ba ƙarfe, duwatsu ne ko bulo ke tokare da juna.

Dutse yana jure danni ƙwarai, amma in aka ja shi sai ya tsage. Don haka ake lanƙwasa gadar, domin nauyin mota ya riƙa matse duwatsun yana gangarawa gefe biyu zuwa ginshiƙai. A 1675 wani masani a Ingila, Robert Hooke, ya nuna cewa in ka riƙe bakin sarƙa biyu ta yi lilo, ka kifar da siffarta, ka sami bakan da zai tsaya. Injiniya Brunel ya gina gadar bulo a Maidenhead a kan kogin Tems, aka buɗe ta a 1839. Faɗin kowane babban baka ƙafa 128, tashinsa ƙafa 24 kacal. Mutane suka ce rushewa za ta yi. Har yau jirgin ƙasa na bi ta kanta.

To, amma manyan motocin yau sun fi keken doki nauyi nesa ba kusa ba, dole a riƙa duba tsofaffin gadoji. Injiniya yakan auna faɗin bakan, da tashinsa, da kaurin duwatsun, da zurfin cikon da ke bisansu. Sa'an nan ya ƙwanƙwasa da guduma. In ya ji amo kamar na ganga, layukan bulo sun rabu ke nan.

Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne, tsaga ɗaya ba ta ka da gada. Jacques Heyman na Jami'ar Kambirij ya bayyana cewa tsagar da ta ratsa bakan takan zama kamar gaɓa. Da gaɓa 3 yana nan tsaye, sai an sami ta 4 zai karye. A ganina abin tsoro na ƙasa yake, wurin da ido ba ya kaiwa: ambaliya takan zaizaye ƙarƙashin harsashi, ginshiƙi ya gusa, bakan ya rasa abin tokarewa. Shi ya sa bayan ruwa ya janye akan sa masu nutso su lalubo gindin ginshiƙan.