Kwano Kafin Allura: Nasiha Ga Mai Jinyar Kyanwa

 Labarin kyanwarki ya iso gare ni. An ce likita ya same ta da ciwon suga, kin fara yi mata allura, ga shi kuma ta juya wa kwano baya. Ki auna da safe suga ya haura, ki auna da yamma ya faɗo. Na san hankalinki a tashe yake. Zauna tukuna, mu yi magana a tsanake.

Da farko ki cire wa ranki cewa wahalar banza kike yi. Ba za a rasa mai cewa, mage ce fa. Ba da mugun nufi yake faɗa ba, bai saba gani ba ne. Tun muna yara malamai suka karantar da mu labarin matar da aka azabtar saboda kyanwar da ta kulle, ba ta ciyar da ita ba, ba ta kuma sake ta ta nemi abincinta ba. Sun gaya mana akwai lada a tausaya wa duk wani mai rai. Aikin lada kike yi. Saura a yi shi da sani.

Ki fara da fahimtar ciwon. A cikinta, kusa da tumbi, akwai wata 'yar tsoka da likitoci ke kira fankiriyas. Ita ke fitar da insulin, sinadarin da ke kwashe suga daga jini ya shigar da shi sassan jiki ya zama ƙarfi. In insulin ya yi kaɗan, ko jiki ya daina jin maganarsa, sai suga ya taru a jini, jiki kuma na fama da yunwa. Shi ya sa kika ga tana yawan shan ruwa, tana yawan fitsari, tana ramewa tun lokacin da take ci sosai. An fi ganin ciwon ga magen da ta manyanta kuma ta yi ƙiba, musamman muzurun da aka dandaƙe.

Jinyar nan a kan duwatsu uku take zaune, irin na murhu: abinci, allura, da awon jini. Ɗaya ya goce, tukunya ta kife. Naki da ya goce yanzu shi ne abinci, don haka daga nan za mu fara.

Ruwa ba ya tsami banza, 'yata. Mage mai ciwon suga ta fi zama mai haɗama. Ranar da ta ƙi ci, wani abu ne ya shiga. Ba taurin kai ba ne, ba shagwaɓa ba ce. Sau da yawa fankiriyas ɗin ce ta kumbura, tana sa ta ciwon ciki da tashin zuciya. Wani lokaci haƙori ne ya ruɓe. Wani lokaci ƙoda ce ta gaji, ko ƙwayoyin cuta sun shiga mafitsara, domin fitsari mai suga yana musu daɗin zama. Ki lura da ita. In ta zo ta shinshina kwano, ta lashi leɓe, ta juya ta tafi, tashin zuciya ne ya fi kama da gaskiya. In ta ɗauki nama ya faɗo daga bakinta, a duba haƙora. Waɗannan duk likita na iya gano su, kuma yawancinsu suna da magani. Akwai maganin tashin zuciya na dabbobi, akwai kuma mirtazapine da likitoci ke bayarwa don buɗe ciki, har da wanda ake shafawa a cikin kunne.

Kada ki ce bari in bar ta, yunwa za ta koya mata hankali. Wannan dabarar ba ta aiki a kan kyanwa. In ta yi 'yan kwanaki ba ta ci ba, jikinta zai kwaso kitse ya jibge wa hanta, hanta ta kasa aiki. Sai ki ga cikin kunne da farin ido sun yi ɗorawa, alamar shawara. Mai ƙiba ta fi saurin faɗawa wannan halin. Akwai kuma haɗari na biyu. In insulin bai isa ba, jiki na ƙona kitse ya bar wata guba a jini da ake kira kiton. Za ta yi amai, ta yi laushi, ta bushe, numfashinta ya sauya. Wannan ba ciwon jinya a gida ba ne, sai an kwantar da ita an yi mata ƙarin ruwa. Ki nemi tsinken gwajin fitsari mai nuna kiton a manyan kantunan magani, ki ajiye. Ƙa'idar da zan ba ki ita ce: in ta tsallake ci biyu a jere, ki kira likita. In ta cika awa 24 ba ta ci ba, ki ɗauke ta ku tafi, ko da dare ne.

Kafin nan, ki lallashe ta. Kyanwa da hanci take cin abinci. Ki ɗan ɗumama shi ya kai ɗumin jiki, ƙamshi ya tashi. Ki zuba kaɗan a faranti mai faɗi, a wurin da babu hayaniyar yara. Ki ba ta kaɗan-kaɗan sau da yawa, domin haka halittarta take. Dafaffiyar kaza ba gishiri ba yaji, da ɗan romonta, takan jawo hankalin mara lafiya. Ki ɗora a yatsa ki miƙa mata. In ta kau da kai, ki ɗauke, ki dawo an jima. Kada ki danne ta ki yi mata ɗura. Tana iya shaƙewa abinci ya bi hanyar huhu, tana kuma iya tsanar wannan abincin ko bayan ta warke. In likita ya ce a sa mata siririn bututun ciyarwa ta wuya, kada ki ɗauka zalunci ne. Ya ceci kyanwoyi da yawa, kuma ana cire shi da zarar ta koma ci.

A kwanakin lafiya, abincin da ya dace da ita shi ne mai yawan nama, mai ƙarancin sitaci. Allah ya halicce ta maciyar nama. Ragowar tuwo da shinkafa da burodi da muka saba zuba wa magen gida su ke ingiza suga sama. Abincin gwangwani na kyanwa ya fi busasshen nan mai ƙwaya-ƙwaya dacewa da ita. Tsurar kaza kuwa ta 'yan kwanaki ce, ba ta ƙunshi duk abin da jiki ke bukata ba. Amma a ranar ciwo, ta ci abin da take so ya fi ta kwana da yunwa. Sai dai ki riƙe wannan: ranar da kika rage mata sitaci, bukatarta ta insulin na iya raguwa. Kada ki sauya abinci ba da sanin likita ba.

Yanzu ga maganar da nake so ki riƙe da kyau. Suga mai yawa a hankali yake ɓarna. Suga da ya faɗi ƙasa kuwa yana iya kashewa cikin ɗan lokaci. Allurar da aka yi ba a janye ta. In kika yi mata cikakken adadi cikinta babu komai, insulin zai kwashe ɗan sugan da ya rage. Saboda haka ki duba kwano kafin ki ɗauki sirinji. Amma kuma kada ki yanke allurar kwata-kwata da ra'ayin kanki, domin ta nan kiton ke shigowa. Ki roƙi likita ya rubuta miki a takarda: in ta cinye, nawa za a yi, in ta ci rabi, nawa, in ba ta ci ba, yaya, kuma daga wace lamba ce ba a yin allura. Ki manna takardar a jikin firij.

Ki san alamun faɗuwar suga. Za ta yi tangaɗi, jiki na rawa, ido ya buɗe, ta yi kamar ba ta gane gida ba. In ya yi tsanani ta kama jijjiga ko ta suma. In tana iya haɗiya, ki ba ta abinci nan take. In ba ta iya ba, ki lakaci zuma ki goga mata a dasashi, ki nufi asibiti. Kada ki zuba ruwa a bakin wadda ta suma. Ko ta farfaɗo a hanya kada ki juyo, insulin na nan yana aiki, suga na iya sake faɗuwa. Ba a fafe gora ranar tafiya. Tun yau ki ajiye zuma kusa da sirinji, da lambar likita, da ta mai keke-napep ɗin da zai amsa kira da dare.

Sai maganar hawa da saukar nan da ke hana ki barci. Lafiyayyar kyanwa sugarta kan zauna wajen 80 zuwa 120 a ma'aunin mg/dL. In na'urarki ta mmol ce, ki raba lambobin nan nawa da 18. Mai shan allura ba a neman ta zauna daidai nan. In ta wuni tsakanin 100 da 250, tana ci, tana wasa, fitsari ya ragu, an gode Allah. In ta gangaro ƙasa da 70, a yi hattara. Ki kuma sani tsoro kaɗai na ɗaga sugar kyanwa. Awon da aka yi a asibiti, tana karkarwa a kan tebur, yakan fi na gida yawa. Shi ya sa yake da kyau ki koyi ɗiban ɗigon jini a gefen kunnenta, bayan kin ɗumama shi da tsumma.

Lamba ɗaya ba ta ba da labari. Wani lokaci suga ya yi ƙasa da tsakar rana ba ki gani ba, sai ki tarar da shi sama da yamma. In kika ƙara allura saboda wannan, garin neman gira a rasa ido. Abin da likitoci ke so shi ne awon wuni guda, duk bayan awa 2, daga allurar safe zuwa ta dare, don a ga inda ya fi yin ƙasa. Akwai gwajin furuktosamin da ke nuna yadda suga ya kasance a makonnin baya-bayan nan. Akwai kuma FreeStyle Libre da ake mannawa a fata, yana awo har kwana 14. In an sauya adadin allura, a ba jiki kamar mako guda ya saba kafin a sake taɓawa. Sannu ba ta hana zuwa.

Wani lokaci kuma laifin ba na jikinta ba ne, na kwalba ne ko na sirinji. Insulin iri-iri ne. Caninsulin da ProZinc ma'auninsu U-40 ne, Lantus kuwa U-100, kuma kowanne da sirinjinsa. In kika ja Lantus da sirinjin U-40, kin ba ta ninki biyu da rabi na abin da aka rubuta. Duk ranar da kika sayo sabon kwali, ki karanta jikinsa. Ki riƙa yin allurar a kan lokaci, awa 12 tsakani, in sau biyu aka ce. In ta zille kika ji gashinta ya jiƙe, kada ki sake yi, ba ki san nawa ya shiga ba. Ki jira lokaci na gaba.

Zafi na kashe ƙarfin insulin, ƙanƙara ma haka. Wurinsa cikin firij, ba ɓangaren ƙanƙara ba. To ga halin wutarmu, ga zafin bazara. In an ɗauke wuta ta daɗe, ki tuna da dabarar marigayi Mohammed Bah Abba, malamin nan na Jigawa da ya samu kyautar Rolex a shekarar 2000: ƙaramar tukunyar ƙasa cikin babba, jiƙaƙƙen yashi a tsakani, a rufe da danshin tsumma a inuwa. Ba ta kai firij sanyi ba, amma ta fi barin kwalba a kan taga nesa ba kusa ba.

'Yan uwa za su kawo miki shawara, don suna ƙaunarki. Wannan ya ce shuwaka, wancan ya ce zogale ko tafarnuwa. Ki yi musu godiya, amma kada ki ba ta. Hantar kyanwa ba irin tamu ba ce. Albasa da tafarnuwa suna farfasa mata ƙwayoyin jini, don haka babu miya, babu tsire, babu kilishi. Farasitamol kuwa ƙwaya ɗaya na iya kashe ta. Ko magungunan suga na dabbobi da ake ba su ta baki, waɗanda suka fito a 2022 da 2023, ba a ba wadda ba ta ci, balle maganin mutane. In abin ya gagari likitan garinku, ki nemi ya tura ku asibitin koyarwa na dabbobi, kamar na Jami'ar Ahmadu Bello a Zariya, ko na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo a Sakkwato, ko na Jami'ar Maiduguri.

Ki sayi ƙaramin littafi. Kullum ki rubuta lokacin allura, adadinta, abin da ta ci, yawan ruwan da ta sha, da lambar da kika gani. Duk mako ki auna nauyinta. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Likita na ganinta na 'yan mintoci, ke kike kwana ki tashi da ita. Littafin nan shi zai zama idonsa a gidanki.

Ga kuma abin da zai sanyaya miki rai. Kyanwa, ba kamar kare ba, sau da yawa fankiriyas ɗinta kan farfaɗo in an samu suga ya daidaita da wuri, har a daina allura. Ba kowace ba ce, kuma ciwon na iya dawowa, amma ana samu. Don haka in kika ga lambobi na ta sauka ba tare da kin sauya komai ba, ki gaggauta sanar da likita, wataƙila lokacin rage allura ne ya yi.

Ki koya wa mutum ɗaya a gida yin allurar, don ranar da za ki yi tafiya ko ki kwanta rashin lafiya. Ki ci abinci, ki yi barci. In ranar ta zo da lamba mara daɗi, kada ki zargi kanki, ki rubuta ta ki ci gaba. Allah ya ba ta lafiya, ya saka miki da alheri. Gobe da safe ki kira likita ku rubuta takardar nan.