DARASI: SHAYI DA KEK RANAR DA YARO YA CIKA SHEKARA ƊAYA

'Yan'uwa manoma da matan ƙungiya, yaro ya cika shekara ɗaya lafiya abin murna ne. Kiran baƙi a sha shayi da kek da la'asar al'adar Ingila ce, amma yanzu ta shigo garuruwanmu. Ba laifi ba ne. Laifin shi ne a sayar da buhun masara tun da kaka, ko a ci bashi, domin bikin da mai shi ba zai tuna ba. Daidai ruwa daidai tsaki. Wannan darasi zai nuna yadda za a yi shi da abin da ke gida.

1. Shiri

Maigida da uwargida su zauna mako biyu kafin ranar, su yanka abin da za su kashe. Baƙi 12 sun isa. A sa lokaci da ƙarfe 4 na yamma, bayan yaro ya tashi barci, a gama cikin awa ɗaya da rabi. A fara tara ƙwan kajin gida tun kwana biyar kafin nan. A gwada kowane ƙwai cikin ruwa: wanda ya taso sama ya lalace.

2. Kayan kek

Ma'auninmu gwangwanin madara ne ƙarami.
Fulawa, gwangwani 3
Sukari, gwangwani 1½
Bota, gwangwani 1½
Ƙwai 4, ko 5 in ƙanana ne
Bekin hoda, ƙaramin cokali 2
Madara, babban cokali 4

A buga bota da sukari da muciya har su yi fari da laushi. Nan ne aikin yake, kada a yi garaje, gama iskar da ta shiga ita ke taimakon kek ya tashi. A fasa ƙwai ɗaya bayan ɗaya ana bugawa. A tankaɗe fulawa tare da bekin hoda, a zuba kaɗan kaɗan, a juya a hankali, sa'an nan a sa madara. A shafa bota cikin kwanon gashi, a barbaɗa fulawa, a zuba kwaɓin ya kai rabin kwano kawai.

3. Gashi cikin tukunyar yashi

Ba sai da obin ba. A zuba yashi mai tsabta, busasshe, cikin babbar tukunyar ƙarfe, kaurinsa yatsa uku. A rufe, a ɗora bisa garwashi minti 15. A jera ƙananan duwatsu uku a kan yashin, a ɗora kwano a kansu, domin kada gindin kek ya ƙone. A rufe, a zuba garwashi kaɗan bisa murfi domin sama ya gasu. Harshen wuta ba ya gasa kek, ƙona shi yake yi. Kada a buɗe kafin minti 30, in iska mai sanyi ta shiga tsakiyar za ta faɗa. Wajen minti 45 a soka tsinke mai tsabta a tsakiya. In ya fito a bushe, ya gasu. A gasa tun jiya, a rufe da ƙyalle mai tsabta. Wadda ba ta taɓa yi ba ta gwada da rabin kayan mako guda kafin ranar.

4. Abin da mai bikin zai ci

Kek da shayi na baƙi ne. Masana lafiya sun ce a guje wa ba yaro sukari kafin ya shekara 2. A ba shi ayaba ko gwanda da aka murƙushe, ko dafaffen dankali, ko dafaffen ƙwai, a ci gaba da ba shi nono.

Kada a ba shi shayi, gama shayi yana rage sinadarin ƙarfe da jiki ke samu daga abinci, wanda ke gina jini. Kada a bar ƙwayar gyaɗa, cincin ko alewa inda hannunsa zai kai, suna iya maƙale masa a maƙogwaro. In akwai jarirai cikin baƙi, kada a lasa musu zuma kafin su cika wata 12, tana iya jawo ciwo mai shanye jiki. Butar shayi da tukunyar gashi su zauna nesa, domin ɗan shekara ɗaya yana rarrafe, yana kuma jan abin da ya kama. A sa babba ɗaya ya kula da shi.

A ranar kuma a duba katin awonsa. Yawanci ɗan shekara ɗaya yakan ninka nauyin haihuwarsa wajen sau uku. In nauyi ya tsaya, ko an tsallake allurar ƙyanda ta wata 9, a kai shi asibiti cikin makon.

Tambayoyi domin tattaunawa
1. Cikin kayan kek, wanne ne muke da shi a gida, wanne za mu saya?
2. Ko matan ƙungiya za su haɗa kuɗi su sayi tukunya da kwanon gashi ɗaya, a riƙa ara?