Baƙuwar Tururuwa da Haɗarinta ga Namun Daji

Tururuwa iri-iri ce, kuma kowane daji da irin tasa. A ƙasar Hausa an san cinnaka da kiyashi da kwarkwasa da shazumamu. Dukkansu 'yan gida ne, kowanne da aikinsa: suna huda ƙasa ruwa ya ratsa, suna kwashe mushe, su kansu kuma abinci ne ga dabgi da ƙadangare da 'yan tsakin zabo. Baƙuwar tururuwa kuwa ita ce wadda mutum ya ɗauko daga wata ƙasa ba da saninsa ba, cikin ƙasar dashe ko katako ko kayan jirgin ruwa. Da yake ta baro abokan gabanta a gida, sai ta yi ta hayayyafa har ta kori 'yan gida.

Ɓarnarta ta farko kisa ce. Jar tururuwa mai harbi ta shiga Amurka ta tashar jiragen ruwa ta Mobile wajen shekarun 1930, daga nahiyar Amurka ta Kudu. A yau takan far wa 'yan tsakin tsuntsayen da ke sheƙa a ƙasa, da 'ya'yan kunkuru tun suna ƙyanƙyashewa. A tsibirin Kirsimeti, cikin Tekun Indiya, wata rawayar tururuwa ta halaka miliyoyin jajayen ƙaguwa, waɗanda su ne ke cinye busasshen ganye su share gandun dajin.

Ɓarna ta biyu ta fi wuyar ganewa, domin a kaikaice take zuwa. A gandun Ol Pejeta na ƙasar Kenya akwai wata bishiyar ƙaya, dangin bagaruwa, wadda tururuwar gida ke zaune a jikinta, tana cizon hancin giwa in ta zo ci. Da wata baƙuwar tururuwa mai babban kai ta iso, ta kashe masu gadin, giwaye suka shiga karya bishiyoyin, daji ya zama fili. Zaki ya rasa maɓoya, jakin dawa na hango shi tun daga nesa. Wani bincike da aka buga a 2024 ya nuna zakunan sun karkata ga farautar ɓauna.

Wannan darasi ya shafi Dajin Falgore, wanda hanyar Kano zuwa Jos ta ratsa ta cikinsa, motocin katako da hatsi da dashe na wucewa dare da rana. Manoman masara na Doguwa da Tudun Wada, maƙwabtan dajin, sun riga sun ɗanɗana zuwan baƙon ƙwaro, wato tsutsar masara 'yar asalin nahiyar Amurka, wadda ta ɓulla a Nijeriya a 2016.

Rigakafi ya fi magani, don in ta kafu, fitar da ita sai an sha wuya. Mai sayen dashen mangwaro ko gwaiba daga nesa ya duba ƙasar ledar kafin ya dasa. Kada a zubar da shara ko ragowar abinci a bakin daji. A rage ƙonan daji da feshin magani barkatai, domin suna kashe tururuwar gida, su buɗe wa baƙuwa wuri. Wanda ya ga wata irin tururuwa da bai saba gani ba ta mamaye gona ko gida, ya sa kaɗan a kwalba ya kai wa malamin gona ko ma'aikatan gandun daji.