Me Ya Sa Muke Saka Sunan Gari a Sunayenmu?

A da, kakanninmu sunansu da na mahaifinsu ya ishe su. Da boko ya zo, sai a tarar da Muhammadu uku a aji ɗaya, malamai suka riƙa ƙara sunan garin yaro don bambancewa. Haka aka sami Aminu Kano da Shehu Shagari. Kusa da mu ga Ahmed Makarfi, gwamnan Kaduna daga 1999 zuwa 2007. A Poland ma, "ski" na ƙarshen wasu sunaye yakan nuna garin asali ne.

'Yan uwa ɗalibai, mu kula. In mun sa Kudan a NIN, mu sa shi a WAEC da JAMB. Saɓanin suna kan jinkirta shiga jami'a.