Karatun Gida a Shekarar da Rijiya ta Ƙafe

Na ji kai da maiɗakinka kun yanke shawarar buɗe wa yaran gida karatu a zaure da zarar an sauko daga ƙaramar sallah, allo da safe, boko da yamma, domin makarantar da nisa, hanyar kuma ba ta barin hankalin uwa ya kwanta. Na kuma ji rijiyar gidan ta ƙafe, guga yana dawowa da taɓo, har ka fara tunanin ko a ɗage karatun sai ruwa ya sauka. Kada ka ɗage. Amma zauna mu yi magana, domin akwai abin da nake tsoro a cikin lamarin nan, kuma ba ƙishirwa ba ce.

Da farko, kada ka ɗauki ƙafewar nan a matsayin alamar wani abu a gidanka. Ƙasarmu ta kudancin Kano, tun daga Bebeji da Kiru har Tudun Wada da Doguwa, a kan dutse take zaune. Wanda ya taɓa ganin duwatsun Riruwai ya ga abin da ke ƙarƙashin ƙafarmu. Ruwan da muke ja yana maƙale ne a ƴar ruɓaɓɓiyar ƙasar da ke saman dutsen da kuma cikin tsagoginsa, saboda haka idan Maris ya wuce, Afrilu ya kama, rijiya mai gajeren zurfi sai ta janye, ko da kuwa damina ta yi kyau. Abin da ke ci mini rai shi ne, Kogin Kano ta cikin dajin Falgore yake ratsowa ya zuba a madatsar Tiga, wadda aka gama a 1974 zamanin Audu Bako, ruwan ya gangara ya shayar da shinkafar Kadawa da Kura da Bunkure, ya kai har birni, amma ƙauyen da ruwan ya bi ta bayan gidansa yana tonon yashi a rafi. Wannan haƙƙi ne da ya kamata ku nema, ku haɗu da mai unguwa da dagaci, ku rubuta wa ƙaramar hukuma da hukumar RUWASA a kan rijiyar burtsatse, ku yi ta bibiya cikin ladabi ba gajiyawa. Sai dai takarda ba za ta kawo ruwa gobe da safe ba, karatun kuwa gobe da safe ne.

To ga abin da nake tsoro. Duk gidan da rijiya ta ƙafe, ba a taɓa zama a ce wance ce za ta bar karatu. Haka kawai yake faruwa. Da asuba uwa ta leƙa randa ta ga babu, ta duba ɗaki, wadda idonta zai faɗa a kai ita ce babbar yarinya, domin ita ce mai hankali, ita ce ba ta musu. Jarkar nan ruwan ɗorawa lita 25 take ci, wato kilo 25 a kan wuyan yarinyar da ba ta kai shekara goma sha biyu ba. Za ta bi layi a famfon tuƙa-tuƙa na maƙwabtan ƙauye, ta dawo hantsi ya ɗaga, zanenta a jiƙe, wuyanta ya sage, ta tarar ƙannenta maza sun wanke allo sun rubuta sabo. Ka ce ta zauna ta biya, ta zauna, sai gyangyaɗi. Bayan wata biyu kai da kanka za ka fara cewa ai ita kanta ba ya ja, alhali kan nata lafiya lau, kaya ne ya yi masa yawa. Na ga ƴaƴa mata da yawa da karatunsu ya ƙare ta wannan hanya, iyayensu kuma mutanen kirki ne, ba wanda ya nufe su da sharri.

Saboda haka, ɗana, ruwan gidan nan na wuyanka ne kai maigida, tun kafin ka ɗauki alƙalami. Kana da keke, maƙwabcinka yana da baro, wani yana da amalanke da shanu a ɗaure suna jiran damina. Ku haɗa kai gida uku ko huɗu, ku yi jigila bayan sallar asuba ko bayan la'asar, ku cika randuna. Babu abin kunya a ga magidanci da jarka a bayan keke, kuma yaranka suna kallo, suna koyon abin da ba ya rubuce a allo. Idan ya zama dole yara su taimaka, a yi karɓa-karɓa, maza da mata, da ƙananan jarkoki, kuma a lokacin da ba na darasi ba. Wanki mai yawa a tara shi sai Alhamis da Juma'a, tunda dama ranakun hutun allo ne.

Shi karatun kansa ba ya shan ruwa da yawa. Moɗa guda ta isa wanke alluna biyar idan an yi a hankali a kan ƙwarya ɗaya, tawada kuwa ɗan ƙaro ne da baƙin tukunya. Ka taƙaita zaman, awa guda mai kyau da sanyin safiya ta fi uku a zafin bazara, domin yaron da maƙoshinsa ya bushe ba ya riƙe komai. Lissafin ma yana nan a tsakar gida: jarka nawa ta shigo, nawa aka dafa abinci, nawa ya rage na alwala. Ka bar babbar yarinyar ta riƙe wannan lissafi a littafinta, za ka ga yadda za ta miƙe zaune. Kuma kada maiɗakinka ta raina abin da ta sani; Nana Asma'u ƴar Shehu, wadda ta rasu a 1864, ta hannun mata ta kai ilimi ƙauyuka, malaman matan da ake kira jaji suna ɗaukowa suna kai wa matan aure har cikin gidajensu. Lokacin da hanya ta yi kyau kuma, ka mai da su aji, domin zaure ba ya ba da takardar shaidar firamare.

Abu biyu kuma da ba na so ka yi wasa da su. Ruwan rafi ko na kududdufi, ko an sa masa alif ya kwanta ya yi fari, a tafasa na sha, domin amai da gudawa a irin wannan lokaci yake shigowa gida. Sannan idan za a yashe rijiyar, a kira masu sana'ar, a bar ta a buɗe ta sha iska, a zura fitila mai wuta tukuna, in ta mutu kada kowa ya sauka, kuma kada a kuskura a kunna injin jan ruwa a cikin ramin. Idan wanda ya shiga ya yi shiru, kada wani ya bi shi ba igiya a ƙugu da mutane a sama, domin haka ake rasa biyu da uku a rijiya ɗaya. Yaro kuwa, komai ƙanƙantar jikinsa da sauƙin zura shi, ban yarda ba.

Na gaji, ɗana, magariba ta gabato. Ka gaishe mini da maiɗakinka, ka ce mata ina yi mata sannu da ƙoƙari. Ranar da za ku buɗe karatun, ka ƙirga yaranka a kan tabarma kafin a yi bisimilla, in babbar ba ta nan, ka tashi ka je ka karɓo mata jarkar.