Tiramol a bakin gona

Ɗana, matso kusa mu yi magana tun damina ba ta kankama ba. Na ji ku 'yan ƙwadago yanzu ba kwa ɗaukar garma sai kun narka tiramol a shayi, wai don ku yi huɗar kwana biyu a wuni ɗaya. Ba faɗa na kira ka in yi maka ba. Na san kuɗin taki ya yi tsada, kuma ga lefe a gabanka.

Sai dai ka sani, ƙwayar nan ba ta ƙara wa mutum ƙarfi ko na sisin kwabo. Maganin ciwo ce, jin gajiyar kawai take toshewa, jiki kuwa yana can yana cin kansa. Likita ma in zai ba majinyaci, mai lamba 50 ko 100 yake rubutawa, na ɗan lokaci. Wadda mai tallan magani ke zaro muku daga ƙasan jaka ranar kasuwa, 225 ce a jikin katin, kuma hukuma ba ta yarda da ita ba. Ita ce ke kayar da saurayi a tsakiyar kunya yana fizge-fizge, kumfa a baki, mutane su taru suna cewa iskoki ne. Yau ɗaya ta ishe ka, bayan girbi, uku ma ba za su ishe ka ba, ranar da ka rasa kuwa sai gumi da hamma da ciwon gaɓoɓi.

Dā muna cewa wannan cutar 'yan birni ce. A 2018 gwamnati ta hana maganin tari mai kodin, wani bincike na wancan lokacin kuma ya ce mutum miliyan 14.3 ke shaye-shaye a Najeriya. Kar ka zaci duk a Kano da Legas suke. Mu manya ma da namu laifin, domin akwai mai gonar da ke zuba ta a kunun ma'aikata don aiki ya yi sauri, sa'annan ya shiga sahun gaba a masallaci.

In ta riga ta kama ka, kada ka yanke ta dare ɗaya kai kaɗai a ɗaki, sannu a hankali ake janye ta a hannun likita. Akwai asibiti a Dawanau, akwai a Kaduna, akwai a Kware. Faɗa mini ranar da ka shirya, kuɗin mota a kaina, kuma babanka ba zai ji daga bakina ba sai ka yarda.