Darasin Lafiya: Aikin Dare da Agogon Jiki

Mai karatu, idan ka taɓa kwana a asibiti, ko kai ne a kan gado ko kuwa jinya ka zo, ka san ɗakin marasa lafiya ba ya barci. Ƙarfe biyun dare akwai allurar da lokacinta ya yi, akwai ƙarin ruwan da ya kusa ƙarewa, akwai wanda za a auna wa jini da zafin jiki. Masu wannan hidima su ne nas-nas da ke aikin dare, wanda a asibitoci da yawa yakan fara daga ƙarfe 8 ko 9 na dare zuwa 7 ko 8 na safe, kuma a jera kwanaki ana yi. Darasinmu na wannan fitowa a kansu yake. Za mu yi magana da ke ma'aikaciyar jinya kai tsaye, musamman wadda aka sa ta aikin dare karon farko. Amma bayanin ya shafi nas namiji, da mai gadi, da direban babbar mota, da mai gashin burodi, da duk mai kwana a zaune gefen gadon ɗan'uwansa.

Me ya sa jiki ke ƙin aikin dare?

A cikin ƙwaƙwalwarki akwai wani ɗan gurbi da bai kai ƙwayar shinkafa ba, wanda ke aiki kamar agogo mai zagayen awa 24. Hasken da ke shiga ido shi ke saita shi kullum. Da duhu ya yi sai ya sa a saki wani sinadari mai suna melatonin, wanda ke shirya jiki ga barci. Zafin jiki yakan sauka a hankali har ya kai ƙarshen saukarsa wajen ƙarfe 4 zuwa 5 na asuba, hanji kuma ya rage aiki. Da gari ya waye sai komai ya juya. A shekarar 2017 aka ba wasu masana uku 'yan Amurka, Jeffrey Hall da Michael Rosbash da Michael Young, lambar yabo ta Nobel saboda gano yadda wannan agogo ke aiki a cikin ƙwayoyin halitta.

Abin lura shi ne agogon ba ya juyawa don kin so. A hankali yake matsawa, kamar awa ɗaya ko biyu a rana, kuma hasken safiyar da kike gani a hanyar komawa gida yakan mai da shi inda yake. Don haka mako guda na aikin dare bai isa ya mai da darenki rana ba. Ko waɗanda suka shekara suna yi, mafi yawansu agogon jikinsu bai juya duka ba. Idan kin ji babbar nas ta ce "ai na saba", sau da yawa gajiyar ce ta saba da ita har ta daina jin ta. Gajiyar kuwa tana nan tana aikinta.

Ga misali. A shekarar 1997 wasu masu bincike a Ostiraliya suka nuna cewa mutumin da ya yi awa 17 idonsa biyu, saurin hannunsa da natsuwarsa kan ragu kamar na wanda ya sha giya, kuma idan ya kai awa 24 abin ya ninka. To yi lissafi da kanki. Kin tashi ƙarfe 6 na safe, kin wuni kina hidimar gida, kin shiga aiki ƙarfe 9 na dare. Ƙarfe 11 na dare kin cika awa 17. Ƙarfe 6 na safe, daidai lokacin raba maganin safe, kin cika 24. Shi ya sa ranar da za ki fara aikin dare ki kwanta bayan azahar, ki sami awa ɗaya da rabi ko biyu. Ko barcin bai zo ba, kwanciyar ta fi zirga-zirga.

A cikin daren

Ki ci babban abincinki kafin ki fito. Tuwo mai nauyi ko soye-soye da ƙarfe biyun dare kan kawo kasala da ƙwannafi, domin hanji a lokacin hutawa yake. Idan yunwa ta taso, 'ya'yan itace, gyaɗa, dafaffen ƙwai ko ɗan kunu sun wadatar. Ki riƙa shan ruwa.

Goro da shayi da Nescafe da lemukan ƙara kuzari duk suna ɗauke da sinadarin kafeyin. Yana kore barci, gaskiya ne, amma yana daɗewa a jiki: bayan kimanin awa 5 rabin abin da kika sha yana nan. Wadda ta ɓare goro da ƙarfe biyar na asuba don ta ƙarasa aiki, ita ce za ta kwanta ƙarfe tara tana juyi. Ki sha a farkon dare, ki tsaya wajen ƙarfe 2 ko 3.

Tsakanin ƙarfe 3 da 5 shi ne lokaci mafi haɗari. Hausawa sun ce barci ɓarawo ne, kuma a nan yake sata: daƙiƙa kaɗan ido a buɗe, hankali ba ya nan. Idan aikin lissafin magani ya faɗo a wannan lokaci, musamman na yara ko insulin, ki karanta sunan mara lafiya da yawan maganin a bayyane, ki sa abokiyar aikinki ta sake dubawa. Wannan ba gazawa ba ce. Kada ki mai da murfin allura bayan kin yi amfani da ita, ki jefa ta akwatin da aka tanada. Idan ta soke ki, ki wanke wurin da ruwa da sabulu ki kai rahoto a daren, domin maganin kariya daga ƙanjamau ana fara shi ne cikin awa 72, kuma gara a fara a awannin farko.

Inda dokar sashe ta yarda, kuma akwai mai riƙe miki marasa lafiya, ɗan runtsawa na minti 20 zuwa 30 yana da amfani ƙwarai. Idan ya wuce haka za ki tashi kanki a ɗaure. Da kin tashi ki wanke fuska, ki ɗan taka, kafin ki taɓa magani.

Hanyar gida ma wani wurin haɗari ne. Buɗe gilashin mota ko ƙara sautin rediyo ba ya hana gyangyaɗi. Idan idonki na lumshewa, ki bar motar ki hau ta haya, ko a zo a ɗauke ki. Idan ba ke ke tuƙi ba, baƙin tabarau zai rage hasken da ke gaya wa jikinki cewa gari ya waye.

Barcin rana, da haƙƙin da ke kan mutanen gida

Babban mutum yana bukatar barcin awa 7 ko fiye a kowace awa 24, kuma aikin dare bai rage wannan bukata ba. Sai dai barcin rana gajere ne, ga haske, ga zafi, ga hayaniya. Da kin isa gida ki yi wanka, ki sha koko ko kunu, ki kwanta. Kada ki ce bari in ɗan share tsakar gida tukuna. Ki sa labule mai kauri, ko ki rufe ido da ƙyalle, ki toshe kunne da auduga, ki kashe ƙarar waya. A watannin Maris da Afrilu, idan babu wuta, ki nemi ɗakin da ya fi sanyi, ki jiƙa zane ki rufa. Da wuya ki sami awa 7 a jere, don haka ki raba biyu: daga ƙarfe 9 zuwa azahar, sannan bayan kin ci abinci ki koma har la'asar.

Duk wannan ba zai yiwu ba sai da yardar mutanen gida. Maigida, da kai muke. Ƙarfe 11 na safe a wurin matarka da ta kwana tana aiki, tsakar dare ne. Ba za ka so a tashe ka ƙarfe ɗayan dare don an yi baƙo ko don ba a ga makulli ba. Girkin rana da kai yara makaranta a makon da take aikin dare, a nemi wanda zai ɗauke mata. A faɗa wa baƙi tana barci, ta kwana a asibiti. Wannan ba wulaƙanci ba ne ga baƙo, kuma ba lalaci ba ne a gare ta, ko da wasu a dangi za su ga haka. Matar da aka hana barci da rana, ita ce za ta ɗaura wa mahaifiyar wani ƙarin ruwa da dare. Haka ma masu jinya: kada a bar mutum ɗaya ya kwana a zaune mako guda, a riƙa karɓa-karɓa.

Safiyar da kika gama daren ƙarshe, ki yi barcin awa 3 ko 4 kawai, ki tashi ki fita haske, ki kwanta da dare a lokacin da kika saba.

Kada ki nemi barci da Valium ko Piriton ba da umarnin likita ba, kada kuma ki nemi kuzari da tramadol. Ma'aikacin lafiya ya fi kowa kusa da kwabar magani, kuma daga ƙwaya ɗaya ake farawa. Irin wannan ɓarna ce ta sa gwamnatin Nijeriya ta hana haɗawa da shigo da maganin tari mai kodin a 2018.

Wa ya kamata ya ga likita?

Bincike ya nuna masu daɗewa a aikin dare sun fi fuskantar ƙiba, ciwon suga, hawan jini da ciwon zuciya. Cibiyar binciken ciwon daji ta Hukumar Lafiya ta Duniya da ke Faransa ta sa aikin dare cikin abubuwan da ake kyautata zaton suna iya jawo ciwon daji, a 2007 sannan a 2019. Zato ne mai ƙarfi, bai kai tabbaci ba, kuma bai ce ki bar aikinki ba. Ki riƙa auna jini da suga da nauyi lokaci-lokaci, ki duba nononki.

Idan kina da farfaɗiya ki sanar da likita da shugabar sashenki tun kafin a sa ki a jadawali, domin rashin barci yana tayar da ita. Mai ciwon suga da ke allurar insulin tana bukatar a gyara mata lokutan allura da na abinci. Mai juna biyu da mai shan maganin damuwa ko na taɓin hankali su ma su yi magana. Idan kuma kin bi waɗannan matakai amma an kai wata uku barci ba ya zuwa da rana, ko kina gyangyaɗi a bakin aiki, ko kina yawan mantuwa da saurin fushi, ki yanki kati ki ga likita. Kafin ki zo, ki yi mako biyu kina rubuta lokacin da kika kwanta da lokacin da kika tashi, ki taho da takardar.